Baya da Baya: Tarihin Raba 'Yan Biyun da Aka Haifa Manne ta Tsatso

Cikin kowace haihuwa 50,000 zuwa 200,000 akan sami guda da 'yan biyu ke fitowa jikinsu a manne, kuma mata sun ninka maza kusan sau uku a cikinsu. Da yawa ba rai ake haifarsu, wasu kuma ba sa kwana. Mafi yawan waɗanda ake gani ta ƙirji ko ta ciki suke haɗe, suna fuskantar juna. Akwai kuma wani kaso, bai kai ɗaya cikin biyar ba, masu zuwa baya da baya, haɗe ta tsatso, daidai inda ƙashin baya ya ƙare ya zauna bisa ƙugu. Likitoci sun aro musu suna daga Girkanci, figofagus, wato waɗanda aka kafe ta ɗuwawu. Kowannensu da zuciyarsa da huhunsa da hantarsa, hannu biyu, ƙafa biyu. Abin da suka yi tarayya a kai yana can ƙasa a ɓoye: ƙashin tsatso, sau da yawa ƙarshen hanji da dubura guda, wani lokaci mafitar fitsari da al'aura, a wasunsu kuma har tantanin da ya lulluɓe laka, ko lakar kanta. Wannan siffa ce ta sa tarihinsu ya fita daban. Tun da ba zuciya suka haɗa ba, suna iya kai shekara hamsin ko sittin ba a taɓa su ba. Tun da kuma laka da hanji ne a tsakaninsu, wuƙar da ta kauce kaɗan za ta bar yaro da shanyayyiyar ƙafa, ko kashi da fitsarin da ba zai iya riƙewa ba har ƙarshen ransa. Abin da nake ganin tarihin nan ya tabbatar shi ne, ƙarfin halin mai wuƙa ya daɗe da samuwa kuma bai wadatar ba. Abin da ya fitar da aikin daga kasada ya mai da shi magani shi ne sanin abin da ke ciki kafin a yanka, da jiran lokacin da ya dace, da jinyar shekaru bayan an ɗinke.

Farkon abin da ya iso mana labaran baka ne, kuma daidai ne a ajiye su a matsayinsu. Wasu littattafan tarihin Larabawa sun kawo cewa wai Hashim, kakan mahaifin Manzon Allah (SAW), da ɗan'uwansa Abdu Shamsin an haife su manne, da aka raba su jini ya zuba, sai aka ce jini zai gudana tsakanin zuriyarsu. Da lafazin "an ce" marubutan suka kawo shi, kuma mai lura zai ga alamar cewa rikicin Banu Hashim da Banu Umayya, zuriyar Abdu Shamsin, da ya zo daga baya ne ya haifi labarin, ko ya ƙara masa gishiri. A Ingila ma akwai irinsa. Mutanen ƙauyen Biddenden na yankin Kent suna cewa a shekarar 1100 an haifi wasu mata biyu manne, suka rayu shekara 34, da ɗayar ta rasu aka nemi a raba mai ran ta ƙi, bayan sa'a shida ita ma ta cika, suka bar gonakinsu sadaka ga matalauta. Sadakar gaskiya ce, har yau ana raba burodi da cuku da wani ɗan biskit mai hoton mata biyu a lokacin Ista. Amma labarin mannuwar bai bayyana a rubuce ba sai ƙarni na 18, kuma masanin tarihin yankin, Edward Hasted, ya ƙaryata shi tun a lokacin, ya ce wasu 'yan mata ne masu suna Preston suka ba da filin. Likitocin da suka ɗauki labarin da gaske sun yi hasashen cewa idan matan sun wanzu to ta tsatso suka haɗu, domin irin wannan haɗuwar ce ke barin mutum ya kai waɗannan shekaru. Hasashe ne kawai.

Rubutaccen tarihi ya fara a tsakiyar ƙarni na 10. Marubutan daular Rumawa ta gabas sun rubuta cewa wajen shekarar 945 akwai wasu maza biyu 'yan yankin Armeniya a Kustantiniya, birnin da ake kira Istanbul a yau, manne ta ciki. Da ɗaya ya mutu likitoci suka yanke gawar daga jikin mai ran, ya yi kwana uku shi ma ya bi. A kusan wannan zamani Alƙali Tanuhi ya ruwaito labarin wasu irinsu da aka kai wa Nasirud Daula, sarkin Mosul, wanda ya tara likitoci ya tambaye su ko za a iya raba su. Bisa ruwayar, likitocin tambaya suka yi ta yi, ko yunwa tare take kama su, ko tare suke jin bayan gida, da suka ji amsa suka ce rabawar halaka ce. Waɗannan mutane sun kama bakin zaren tun a lokacin, domin abin da ke ciki suke son sani, ba su kuwa da abin dubawa sai tambaya. Nasarar farko da aka tabbatar ta zo a 1689 a birnin Basel na Suwizalan, inda Johannes Fatio ya raba jarirai mata biyu da wani siririn nama ya haɗa wajen cibiya. Zare ya ɗaura a wurin, yana ƙara tsuke shi kwana da kwanaki, sannan ya yanke abin da ya rage, dukansu suka rayu. Sai dai zare ba ya cin ƙashi, balle a yi maganar laka, don haka masu haɗe ta tsatso sai da suka ƙara jiran shekara 264.

A cikin wannan dogon jira kasuwar kallo ce ta riƙe su, ba asibiti ba. Helen da Judith, waɗanda aka haifa a garin Szony na Hungari a 1701, su ne na farko cikin masu wannan siffa da likitoci suka bar cikakken bayaninsu. Tun suna ƙanana aka yi ta yawo da su biranen Turai ana karɓar kuɗin kallo, har suka kai shekara tara aka sa su gidan mata masu zaman ibada a Pressburg, wato Bratislava ta yanzu. Judith ta sami shanyewar ɓarin jiki tana 'yar shekara shida, ta taso da rauni, Helen kuwa lafiyayya. A 1723 ciwo ya kwantar da Judith ta rasu, Helen ta bi ta nan take, suna da shekara 21.

Babu labarin da ya fi na Millie da Christine McKoy nuna abin da wannan zamani ya yi wa irin waɗannan mutane, da kuma abin da suka iya yi wa kansu. An haife su a watan Yuli na 1851 a jihar Karolina ta Arewa a Amurka, iyayensu Jacob da Monemia bayi ne, saboda haka a dokar ƙasar su ma dukiya ce. Ba su cika shekara ba aka sayar da su dala 1,000 ga mai nuna su. Suka yi ta sauya hannu, aka sace su, aka tsallaka da su Ingila, sai da mahaifiyarsu ta bi sawu tare da mutumin da ya mallake su kafin a karɓo su. A duk garin da aka sauka, sai an kira likitoci sun tuɓe yaran sun dudduba tsiraicinsu sun ba da takardar shaida cewa mannuwar ta gaske ce, domin takardar ita ke jawo 'yan kallo. Dole a faɗi wannan a fili: ilimin da likitoci suka tara a ƙarni na 19 game da wannan halitta, kaso mai yawa daga jikin yaran da ba su da ikon cewa a'a aka same shi. Da bauta ta ƙare a 1865, cikin abubuwan da matan biyu suka fara yi akwai hana irin wannan dubawa. Suka koyi harsunan Turai, suka yi suna a waƙa, ɗaya da siririyar murya ɗaya da mai kauri, suka yi wasa gaban Sarauniya Biktoriya a 1871, suka tara abin da ya ishe su sayen gona a yankin da aka haife su bayi, suka riƙe danginsu. Likitan Filadelfiya William Pancoast, wanda ya duba su a 1871 lokacin da ciwo ya tilasta musu neman magani, ya rubuta abin da ya fi kowane muhimmanci ga zancenmu: idan aka taɓa ƙafar ɗaya, ɗayar ma tana ji. Ma'ana jijiyoyinsu na ƙasa a cakuɗe suke. Likitan da ya ce zai raba su a wancan zamani, cikin duhu zai yi yanka. Tarin fuka ya kashe Millie a watan Oktoba na 1912, Christine ta bi ta bayan wasu sa'o'i, suna da shekara 61.

Wannan bin juna zuwa kabari da ke maimaituwa a kowane labari yana da dalili a jiki. Jijiyoyin jini suna ratsa mahaɗar, don haka idan zuciya ɗaya ta tsaya, zuciyar mai rai tana ci gaba da tura jini cikin jikin da ba ya dawo da shi, gubar gawar kuma tana shigowa. Haka aka gani a Cikago a 1922 da Rosa da Josefa Blazek 'yan ƙasar Bohemiya, waɗanda likitoci suka yi ta shawarar raba su a gadon asibiti har ajali ya riga su, tsakaninsu mintuna kaɗan; hoton ƙashi da aka ɗauka bayan rasuwarsu ya nuna ƙashin bayansu a haɗe yake sosai. Haka kuma aka gani, ta hanya mafi ban tausayi, da Daisy da Violet Hilton, haifaffun Brighton a 1908, waɗanda sai a 1931 wata kotu a Texas ta ƙwato su daga hannun masu cin guminsu, suka ƙare rayuwarsu suna aiki a kantin kayan abinci a Charlotte. A watan Janairu na 1969 aka tarar da gawarsu a gida bayan murar Hong Kong ta kama su, kuma bincike ya nuna Daisy ta riga Violet da kwanaki. Gwajin da aka yi da gaske ya zo a 1936 a New York. Lucio da Simplicio Godina, 'yan Filifin, magidanta masu shekara 28, suna cikin yawon wasa ciwo ya kashe Lucio. Nan take aka shiga da su ɗakin tiyata aka raba Simplicio, ya farfaɗo, har aka fara murna. Bai cika mako biyu ba sanƙarau ya kashe shi. Yankan ya yi kyau. Abin da babu shi ne maganin ƙwayar cutar da ta sami ƙofa kusa da laka.

Kayan aikin ɗaya bayan ɗaya suka taru, kuma ba domin 'yan biyu aka ƙirƙiro ko ɗaya daga cikinsu ba. Maganin sa barci a 1846, tsabtace rauni da kayan fiɗa bisa koyarwar likita Lister daga 1867, hoton ƙashi a 1895, gano rukunin jini a 1901 wanda ya sa ƙarin jini ya zama abin dogaro, sai fenisilin da ya wadata a shekarun 1940. Da suka haɗu, sai ga 1953. A watan Satumba na wannan shekara, a asibitin Ochsner da ke New Orleans, aka raba jarirai mata biyu 'yan gidan Mouton suna da kimanin wata biyu, haɗe ta ƙashin tsatso da ƙarshen hanji, dukansu kuma suka rayu suka girma. Ana ɗaukarsa karo na farko da aka yi haka ga masu wannan siffa. A wannan shekarar ce kuma aka ɗauki wasu jarirai mata da aka haifa a Kano manne ta ciki zuwa Landan, inda Farfesa Ian Aird ya raba su a asibitin Hammersmith cikin Disamba. Ɗaya ta rasu jim kaɗan bayan aikin, ɗaya ta rayu, rahotonsa kuma da sunan Kano ya shiga mujallar likitocin Birtaniya a 1954. Ƙasar Hausa ta riga ta shiga wannan tarihi tun 1936, lokacin da wani likita mai suna McLaren ya buga rahoton raba wasu jarirai a Sakkwato. Amma darasin da ya fi amfani daga Zariya ya fito. A 1980 Mabogunje da Lawrie na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka tattara rahotanni 12 na Afirka ta Yamma daga 1936 zuwa 1978, suka ga cewa masu haɗe ta cibiya ne suka fi yawa kuma suka fi zuwa da rai, aikin gaggawa da aka yi wa masu haɗe ta tsatso da ta ƙugu kuwa ya ƙare da mutuwar ɗaya daga masu tsatso da duka biyun masu ƙugu. Likitocin asibitin yara na Great Ormond Street a Landan sun tarar da abu makamancin haka a nasu lissafin: inda aka shirya aka jira, kusan takwas cikin goma suna rayuwa, inda larura ta sa aka yi da gaggawa kuwa ba a kai rabi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Game da asalin abin, likita Ambroise Paré na Faransa ya rubuta a 1573 cewa yawan maniyyi ne ko ƙuncin mahaifa. Yau an san ƙwai ɗaya ne, irin wanda ke ba da 'yan biyu masu kama ɗaya. Mafi yawan masana na cewa ƙwan ne ya makara wajen rabuwa, ya haura kwana 13 da shigar ciki, sai rabuwar ta tsaya a hanya. Rowena Spencer, likitar tiyatar yara ta New Orleans da ta ba da shekaru ga wannan bincike, ta tafi a kan cewa sun rabu ne sannan suka sake haɗuwa. Ko wanne ne daidai, babu abin da uwa ta ci ko ta gani ko ta aikata da ya jawo shi, kuma ya kamata unguwa ta san haka kafin ta buɗe baki a kan mai jego.

Daga 1965, lokacin da Luigi Solerio ya raba wasu 'yan mata masu shekara shida a Turin ta Italiya, zuwa yau, kusan duk ci gaban da aka samu a wajen gani da shiri aka same shi. Na'urar duba ciki tana nuna mannuwar tun cikin yana wata uku ko huɗu, sai a shirya ciro yaran ta hanyar tiyata, domin naƙudar irin wannan ciki tana iya fasa mahaifa ta tafi da uwa da 'ya'yanta. Bayan haihuwa, idan babu abin da ke barazana ga rai, sai a bar su su yi ƙwari na wasu watanni. A cikin watannin ake aikin da ba a nunawa a talabijin. Na'urar MRI tana nuna ko laka biyu ce kowacce a jakarta, ko jaka ɗaya ce, ko kuwa lakokin sun haɗe a ƙasa sun zama ɗaya. Ana zuba ruwa mai fitowa a hoto a bi hanji da mafitsara a ga ina suka haɗu, a kuma auna yawan jinin da ke tsallakawa, domin maganin barcin da aka ba ɗaya yana iya kwantar da ɗayar. Galibi akan huda cikin kowacce a fito da bakin hanji, bayan gida ya riƙa zuba a jaka, don kada ƙazanta ta kusanci raunin da za a yi kusa da laka. Akan cusa wata jakar roba mai kama da balan-balan ƙarƙashin fata, a riƙa ɗura mata ruwan gishiri mako-mako har fatar ta miƙe ta yi yawan da za ta rufe ramin da rabawar za ta bari. Ranar aiki, ayari biyu ne na masu sa barci, kowane bututu da kowace allura da launin yarinyar da aka ware mata. Idan aka iso laka, sai a riƙa taɓa kowace jijiya da 'yar wutar lantarki a ga ƙafar wa ta motsa, ita ce amsar tambayar da Pancoast ya gano a 1871 bai da yadda zai warware ta. Sannan a ɗinke tantanin kowacce ruf, domin ruwan laka idan ya yi yoyo, ƙofar da ta kashe Simplicio ce ta sake buɗewa. Gyaran dubura kuwa ya dogara ƙwarai kan dabarar da likita Alberto Peña ya fito da ita a 1982, ta bi ta tsakiyar tsokar da ke riƙe bayan gida a dasa hanji a cikinta, abin da a nan yake da wuya ninki biyu, tun da tsoka ɗaya ce za a yi wa mutum biyu.

Da wannan tsari aka raba jarirai masu haɗaɗɗiyar laka a asibitin yara na Birmingham a Disamban 2001, cikin sa'a 16, suka kuma taka da ƙafafunsu. Da shi ne a Agustan 2013 ayarin Dakta Prashant Jain a asibitin BLK na New Delhi ya raba wasu 'yan biyu mata daga Kano da ke dab da cika shekara, masu laka da dubura a haɗe, bayan an shafe watanni ana miƙa fatarsu. A 2015 aka yi wa wasu 'yan Yuganda a Columbus ta jihar Ohio ƙarƙashin Dakta Gail Besner, a 2017 kuma likitocin asibitin koyarwa na Dhaka suka yi nasu a gida Bangladash. Saudiyya, wadda shirinta na raba 'yan biyu ke gudana tun 1990 ƙarƙashin Dakta Abdullah Al-Rabi'a, ta ɗauki nauyin wasu 'yan arewacin Najeriya masu haɗe ta mara da ƙugu da ƙarshen ƙashin baya, aka raba su a Riyad ranar 29 ga Fabrairu 2024, a aikin da aka kasa mataki tara.

Akwai masu ja da cewa, in dai Millie da Christine sun kai 61 suna waƙa suna riƙe dangi, mene ne hujjar ɗora jariri a kan teburin da zai iya tashi da naƙasa? Wannan ja yana da nauyi, kuma ban ga dalilin raina shi ba. Masaniyar tarihin likitanci Alice Dreger ta nuna a littafinta na 2004 cewa manya masu wannan halitta kusan ba a taɓa jin sun nemi a raba su ba. Mary da Margaret Gibb na Massachusetts, masu haɗe ta tsatso, sun ƙi har lokacin da ciwon daji ya kama ɗayarsu, suka rasu tare a 1967. Fitattun da suka nema da bakinsu, Ladan da Laleh Bijani 'yan Iran masu haɗe ta kai, sun rasu a tiyatar Singafo a 2003. Amsata ita ce, dogon ran nan 'yan ƙalilan ne suka same shi, su ne kuma tarihi ya riƙe sunansu. Waɗanda ciwon mafitsara ko toshewar hanji ya ɗauke tun suna goyo babu wanda ya rubuta su. Jiran yaro ya girma ya zaɓa da kansa ma ba kyauta ba ne, domin ƙashi yana ƙara tauri, gadon baya yana karkacewa, zuciyoyi kuma suna saba wa zama tare yadda rabuwar za ta zama wani rauni na daban. Amma jan ya ci nasara a wuri guda: tun da waɗannan yara ba mutuwa ke bin su ba, nauyin kawo hujja yana kan likita, kuma idan hoto ya nuna cewa rabawa za ta ba ɗaya ƙafa ta hana ɗaya, to barin su haɗe zaɓi ne na mutunci da ya wajaba a shimfiɗa wa iyaye a fili. Wannan dabam yake da shari'ar Manchester ta 2000, inda jaririya ɗaya cikin wasu 'yan biyu manne ba ta da zuciya da huhu masu aiki, kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta ba da izinin rabawa duk da ƙin iyayen 'yan Malta, ana sane da cewa ɗaya za ta mutu don ɗaya ta rayu. Can babu zaɓin jira.

Ja na biyu na kusa da gida ne: ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da gudawa ke ɗauke yara dubbai, me zai kai ta kashe dukiya a kan abin da ke zuwa sau ɗaya cikin dubban haihuwa, alhali Riyad da Delhi suna nan? In ana nufin kada a gina wata cibiya ta musamman don wannan kaɗai, na yarda. Amma hannun da zai yi aikin akwai shi. Farfesa Auwal Abubakar da ayarinsa sun raba 'yan biyu a Yola fiye da sau ɗaya, kuma a 2019 ayarin mutum 78 ƙarƙashin Farfesa Emmanuel Ameh ya raba masu haɗe ta ƙirji da ciki a Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Abubuwan da aikin ke bukata kuwa, awon ciki mai na'ura a karkara, ɗakin jinyar jarirai mai wuta da iskar numfashi, bankin jini, likitan laka na yara, su ne dai abin da jaririn da aka haifa ba dubura ko da buɗaɗɗen ƙashin baya yake bukata, kuma irinsa ana haifarsu kowane mako. Sannan jirgin da ya kai yaro waje shi ke dawo da shi, a nan kuma sauran aikin yake. Wata yarinyar za ta dawo da jakar bayan gida a cikinta da sai an sake tiyata kafin a rufe, wata sai an koya wa uwarta zura robar fitsari sau huɗu ko biyar kullum don kada ƙoda ta lalace. Akwai gashin ƙafa da takalmin gyara da ake sauyawa duk lokacin da ƙafar ta ƙaru. Tabon da ke kan laka yana iya riƙe ta yayin da ƙashin baya ke tsawo, yarinyar da ta yi shekara biyar tana gudu ta fara jan ƙafa ko fitsarin kwance, kuma sai wanda ya san tarihin aikinta ne zai gane cewa lakar ce aka ɗaure. Idan ta balaga akwai duban mahaifa da hanyar haila, idan ta yi aure akwai shawarar yadda za ta haihu. Takardun tiyatar suna Riyad ko Delhi, yarinyar kuma tana wani ƙauye da asibitin da ya fi kusa ba shi da robar fitsari daidai girmanta.